Gilashin dashe mai zango-zango bayan aikin yanar ido: abin da yake bayarwa da abin da yake karɓa

A 'yan shekarun nan wata tambaya ta fara yawa a ɗakunan duba ido na Gombe, kuma galibi 'ya'yan mai yanar ne ke yin ta. Sun ji labari, ko sun gani a waya, cewa akwai wani gilashi da ake dasawa a cikin ido bayan an cire yana, wanda ke raba mutum da tabarau gaba ɗaya: ya hangi nesa, ya karanta rubutu, ya zura zare a allura. Wasu a Abuja ko Kano aka yi musu bayanin, wasu a Alƙahira ko Indiya, inda ake jera wa majinyaci ire-iren gilashin da kuɗin kowanne. Ɗan da ke son kyautata wa mahaifinsa yakan ɗauka cewa na ƙarshen jerin, mai tsadar, shi ne ya fi, har ya ji nauyin zaɓar wanda bai kai shi kuɗi ba. Niyyar tasa mai kyau ce, kuma gilashin da ake magana a kai, wanda likitoci ke kira maltifokal, ba yaudara ba ne, yana aiki. Sai dai ciniki ne na ba ni gishiri in ba ka manda: yana ba ka ganin kusa, ya karɓi wani kaso na tsabtar ganinka. Ra'ayina, a matsayin mai aikin ido, shi ne wannan cinikin yana da riba ga mutane ƙalilan da aka tantance su sosai, amma ga mafi yawan dattawanmu na Dawaki da sauran unguwannin Gombe, gilashi mai zango ɗaya da aka auna shi da kyau, tare da tabarau na karatu, ya fi ba su gani mai gamsarwa.

Sai an san yadda abin yake aiki kafin a gane dalilin. A bayan baƙin ido akwai wani ɗan gilashi na halitta mai garai-garai, wanda a ƙuruciya yake canza kauri da kansa don mutum ya duba nesa ya dawo kusa ba tare da ya lura ba. Daga wajen shekara 40 yake fara tauri, shi ya sa ake fara nisanta takarda daga fuska. Idan ya dusashe ya yi fari, ita ce yana. Aikin yana shi ne a cire wannan gilashin da ya lalace a sa na roba a gurbinsa, abin da Harold Ridley ya fara yi a asibitin St Thomas na Landan a 1949. Na roba ba ya canza kauri. Mai zango ɗaya yana tattara dukkan hasken da ya shiga ido a wuri guda, yawanci don ganin nesa, sai a cike gurbin karatu da tabarau. Mai zango-zango kuwa, wanda aka fara dasawa a Ingila a 1986, an zana masa ƙananan zobba a jikinsa da ke raba hasken: wani kaso na nesa, wani na kusa, a sababbin ma har da na tsaka-tsaki. A wani tsari na da mai zango biyu, kusan kashi 41 cikin 100 na hasken ke tafiya nesa, kusan 41 kusa, ragowar kusan 18 yana watsewa ba tare da ya haɗa hoto ba. Ma'ana a kowane lokaci hoto biyu ne ke sauka a bayan ido, ɗaya tar, ɗaya a dusashe a kansa, ƙwaƙwalwa ce ke koyon kawar da kai daga wanda ba ta buƙata. Babu ƙwarewar likita da za ta soke wannan, domin haka aka ƙera gilashin.

Abin da bincike ya nuna ya yi daidai da wannan bayanin. A 2016 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen likitanci ta auna ingancinsu, ta haɗa gwaji 20 da suka kwatanta gilashin biyu a kan mutum sama da 2,000. Wajen ganin nesa ba a sami wani bambanci na a zo a gani ba. Wajen ganin kusa ba tare da tabarau ba, mai zango-zango ya yi gaba, kuma masu shi sun fi samun 'yanci daga tabarau, ko da yake wasunsu sun ci gaba da sawa. A ɗaya ɓangaren, masu shi sun fi kukan haske na ɗauke musu ido, kuma ganin zobe kewaye da fitila ya ninka na masu zango ɗaya fiye da sau uku. Akwai wani abu a cikin wannan tarin binciken da ya kamata mu riƙe: yawancin gwaje-gwajen a Turai aka yi su, wasu a Sin, Amurka, Indiya da Gabas ta Tsakiya, babu ko ɗaya daga Afirka. An yi su ne a kan idanun da aka zaɓo masu lafiya, a wuraren da titi ke da fitila kuma majinyaci ke komawa asibiti duk lokacin da aka kira shi. Duk da wannan gatan, hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawara a 2017 cewa kada a riƙa sa gilashi mai zango-zango a aikin yana na asibitocin gwamnati. Lissafin kuɗi na cikin dalilanta, ba a musu, amma ya isa ya nuna cewa ƙasar da aka fara dasa abin a cikinta ba ta ɗauke shi a matsayin wanda kowa ke buƙata ba.

A takarda, zoben haske da raguwar tsabtar gani ƙananan abubuwa ne. A rayuwar Gombe ba ƙanana ba ne. Allon haruffan da muke gwada mutane da shi baƙi ne wuluk a kan fari fat, cikin ɗaki mai haske, don haka mai gilashin zango-zango zai iya karanta shi har layin ƙasa ya fita yana murna. Duniyar waje ba haka take ba. Dattijon da zai fita sallar asuba yana buƙatar ya bambanta bakin kwalbati da ƙasar da ke gefenta, alhali launinsu ɗaya kuma gari bai waye ba. Direban da ke bin hanyar Bauchi, ko ta Kaltungo zuwa Yola, ko ta Bajoga da manyan motocin siminti ke bi da dare, yana buƙatar ya hangi mai tafiya a ƙasa ko saniya a gefen titi a daidai lokacin da fitilar tirela ke dallare shi. Mai Keke Napep da ɗan acaɓa haka. Idan hunturu ya shigo, hazo ya riga ya rage bambancin abubuwa ga mai lafiyayyen ido ma, balle wanda gilashinsa ke raba hasken gida biyu. Ko karatun da aka sayi gilashin dominsa yana son haske mai ƙarfi. A ɗakin da aka ɗauke wuta ana karatu da fitilar caji, wannan gilashin bai cika ba da abin da aka yi tsammani ba. Saboda haka tambayar farko da ya kamata likita ya yi ita ce sana'ar mutum da yadda yake tafiyar da darensa, kafin a zo maganar aljihu.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi nauyi a yankinmu, shi ne lafiyar sauran sassan idon. Gilashi mai zango-zango yana buƙatar ido wanda yana ce kaɗai matsalarsa. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma Arewa maso Gabas ce ta fi ko'ina, da kashi 6.1. Yana ce ta jawo kashi 43 na makantar, hawan jinin ido, wato gilakoma, ya zo na biyu da kusan kashi 17. Binciken ya kuma nuna cewa kusan mutum 5 cikin kowane 100 na masu waɗannan shekarun suna da gilakoma, kuma waɗanda suka san suna da ita ba su kai 6 cikin 100 na masu cutar ba. Gilakoma tana cin jijiyar gani a hankali, kuma cikin abubuwan da take fara ragewa akwai wannan iya bambanta abu da abin da ke bayansa. Idan aka ɗora mata gilashin da shi ma yake rage wannan ɗin, an haɗa rashi biyu a ido ɗaya. Haka abin yake ga mai ciwon suga da ya taɓa retina, fatar bayan ido da ke karɓar hoto, da wanda ke da hakiya ko tabon ciwo a gaban idonsa. Wani ƙarin cikas shi ne mutanenmu kan zo a makare, bayan yana ta nuna ta yi fari fat. A wannan matakin likita ba ya iya leƙa bayan idon da kyau, ko da na'urar OCT mai ɗaukar hoton retina, don haka ba shi da tabbacin abin da zai tarar bayan an cire yanar. Sa gilashi mai zango-zango a idon da ba a ga bayansa ba caca ce da ganin mutum.

Sai maganar awo. Kowane ido da ƙarfin gilashin da ya dace da shi, kuma ana gano shi ne ta auna tsawon idon da lanƙwasar koniya, wato fatar nan mai garai-garai da ke rufe baƙin ido. Gilashi mai zango ɗaya yana da haƙuri: idan awo ya ɗan kauce, mutum zai ci gaba da gani mai kyau, tabarau ya gyara ragowar. Mai zango-zango ba shi da wannan haƙurin. Ɗan kuskure kaɗan yakan ɓata nesa da kusa a tare, sai mutum ya wayi gari ya biya kuɗin rabuwa da tabarau amma yana sanye da shi, ga zoben haske a kai. Idan koniya ba ta zagaye daidai ba, abin da ake kira astigimatizim, kuma ya wuce kimanin kashi uku cikin huɗu na diyofta ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin gilashi, dole a gyara shi ko a nemi gilashin da aka ƙera don haka, in ba haka ba hoton zai yi inuwa. Bushewar ido, wadda iskar hunturu da ƙura ke tsanantawa, tana rikita awon kafin aiki kuma tana dagula gani bayansa. Shi kansa aikin dole ya fita tsaf: a yi shi ta ƙaramar ƙofa da na'urar fako mai narkar da yana, jakar da gilashin ke zama a ciki ta tsira ba yagewa, gilashin ya zauna a tsakiya daidai. Hanyar hannu ta ƙaramin yanka da ake yawan amfani da ita a asibitocinmu da sansanonin aikin ido kyauta hanya ce mai kyau, ta dawo wa dubban mutane da ganinsu, kuma ta fi dacewa da yana mai tauri. Amma ƙofarta ta fi faɗi, tana iya canza lanƙwasar koniya fiye da yadda gilashi mai zango-zango ke jurewa. Binciken da aka yi a kan waɗanda ba su ji daɗin wannan gilashin ba ya sha nuna abu ɗaya: kaucewar awo, astigimatizim da ya rage, bushewar ido, da dusashewar jakar da ke bayan gilashin su ne kan gaba.

Wani zai ce ai waɗannan bayanan na tsofaffin gilasai ne, na yanzu sun wuce nan. Akwai gaskiya a ciki. Yawancin gwaje-gwajen da Cochrane ta tattara a kan masu zango biyu na da aka yi su. Masu zango uku, irin su FineVision da PanOptix, wanda Amurka ta amince da shi a 2019, sun cike giɓin tsaka-tsaki, wato nisan kwamfuta ko tukunya a kan murhu, kuma hasken da suke zubarwa bai kai na da ba. Akwai kuma wani rukuni da ke miƙa zangon gani maimakon ya yanka shi, irin su Symfony da Vivity, waɗanda suka fi kyau a nesa da tsaka-tsaki amma galibi sai an ƙara tabarau don ƙananan rubutu. Ci gaba ne na gaske. Sai dai hasken da ke shiga ido bai ƙaru ba. Duk wanda zai raba shi uku dole kowane kaso ya ragu. Takardun bayanin da kamfanonin ke haɗawa da waɗannan gilasan su da kansu suna gargaɗi a kan zoben haske ko raguwar tsabtar gani a wuri mai duhu. Sabon gilashi kuma bai warkar da gilakomar da ba a gano ba, bai gyara awon da aka yi cikin gaggawa ba.

Wani ƙorafin ya fi wannan ƙarfi, kuma ina ɗaukarsa da muhimmanci. Tabarau ba ƙaramin nauyi ba ne ga kowa. Yana karyewa, yana ɓata, jikoki na wasa da shi, wasu tsofaffin mata ba sa son a gan su da shi. Malamin da ke wuni a kan littafi, da telan da ke bakin keke, da mai ɗinkin hula, da 'yar kasuwar da ke ƙirga kuɗi tana duba waya, rayuwarsu a kusa take. Me zai hana a ba su abin da zai sauwaƙe musu? Amsata ita ce buƙatar gaskiya ce, amma hanyar biyanta ba ɗaya ba ce. Wanda duk aikinsa na kusa ne ana iya saita masa gilashi mai zango ɗaya don kusa, ya sa tabarau idan zai fita. Ana iya saita ido ɗaya don nesa, ɗayan a ɗan karkata shi zuwa kusa, duk da gilashi mai zango ɗaya. An gwada wannan dabarar da mai zango-zango a asibitin ido na Moorfields da ke Landan, a kan mutum 212, aka wallafa sakamakon a 2013. Mai zango-zango ya yi nasara a abin da aka yi shi dominsa: kusan 7 cikin 10 sun rabu da tabarau, a ɗaya ɓangaren kusan 1 cikin 4 ne kawai. Amma mutum 6 daga masu zango-zango sai da aka sake shiga idonsu aka canza gilashin a cikin shekarar farko, a ɗaya rukunin kuwa babu ko ɗaya. Wannan shi ne cinikin a fili. Tabarau na karatu ana sayen wani idan bai yi ba; gilashin da ke cikin ido sai da sabon aiki, kuma aiki na biyu ya fi na farko haɗari.

Akwai kuma masu jin cewa irin wannan maganar hanya ce ta hana talakan Afirka abin da wasu ke mora. Na fahimci inda zafin ya fito, amma tarihin aikin yana ya nuna inda adalcin yake. Abin da ya canza rayuwar talakawa shi ne lokacin da masana'antar Aurolab ta Madurai a Indiya ta fara ƙera gilashi mai zango ɗaya da araha a 1992, sannan gidauniyar Fred Hollows ta buɗe nata masana'antun a Eritiriya da Nepal. Kafin nan, a ƙasashe irin namu, cire yana ake yi a bar mutum da tabarau mai kaurin gaske. Binciken nan na ƙasa ya gano cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana, masu turawa da tsinke a gargajiyance ne suka taɓa su, kuma kusan kashi 73 na waɗannan idanun a makance aka same su. A 2021 Majalisar Lafiya ta Duniya ta sa wa ƙasashe burin ƙara yawan waɗanda aka yi wa aikin yana kuma suka sami gani mai kyau da maki 30 cikin 100 kafin 2030. Abin da ake ƙirgawa shi ne ganin da mutum ya fita da shi. Ga iyali ma lissafin haka yake: gilashi mai zango-zango ya fi aiki idan an sa shi a ido biyu, don haka kuɗin ninki biyu ne. Iyalin da suka tattara duk abin da suke da shi a kan ido ɗaya, suka rasa na ɗayan da na magani da na komawa asibiti, sun rage wa mahaifinsu gani da hannunsu ba tare da sun sani ba.

Duk da haka akwai wanda zan ba shi shawarar ya yi tunani a kansa ba tare da fargaba ba: wanda yanarsa ba ta rufe bayan ido ba, an duba retinarsa da jijiyar ganinsa da ƙarfin ruwan idonsa an same su lafiya, koniyarsa ba tabo, ba ya tuƙin dare don neman abinci, rabuwa da tabarau na da muhimmanci a wurinsa, kuma an gaya masa gaskiya game da zoben haske ya ce ya yarda. Irin wannan mutumin galibi yakan ji daɗin abin. Kafin ya biya, ya tambayi da wace na'ura za a auna idon, ko an duba bushewar ido da astigimatizim, da kuma wanda zai kula da shi idan gani bai fita yadda ake so ba. Tambayar ƙarshen ta fi shafar masu fita waje. Wanda aka yi wa aiki a wata ƙasa ya dawo bayan mako ɗaya ko biyu, matsalolin da ke tasowa a wata na uku ko shekara ta biyu a nan Gombe za su same shi, a Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na jiha, ko a tura shi Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Ya tabbata ya dawo da katin gilashin, mai ɗauke da sunansa da ƙarfinsa, da takardar awon da aka yi masa kafin aiki.

Wanda kuma an riga an sa masa, yana ganin zobe ko hazo-hazo, kada ya yanke ƙauna kuma kada ya yi shiru. Ƙwaƙwalwa kan ɗauki watanni kafin ta saba, sau da yawa uku zuwa shida, kuma zoben yakan daina damun mutane da yawa ko da bai ɓace ba. Mafi yawan sauran matsalolin suna da gyara ba tare da an taɓa gilashin ba: maganin ɗigawa don bushewar ido, ɗan tabarau mara ƙarfi don tuƙi, ko share jakar bayan gilashin da hasken leza na YAG idan ta dusashe. Amma a nan akwai tsari da bai kamata a tsallake ba. Lezar tana huda jakar ne, kuma da zarar an huda ta, canza gilashin yakan yi wuya kuma haɗarinsa ya ƙaru. Idan mutum tun makonnin farko bayan aiki bai taɓa jin daɗin ganinsa ba, akwai yiwuwar gilashin ne da kansa bai karɓe shi ba, don haka ya faɗa wa likita wannan dalla-dalla, a yanke shawarar ko za a bar gilashin ko za a canza shi kafin a kunna lezar.